TUƘA MAGANAR ALLAH
Jawabin da aka yi a Kanvili, Tamale, ranar taron jubili



An ce in yi magana a kan mutanen dā, amma bari in fara da mutumin yau. Wani ɗan'uwa ya zo wurina da dare, ya ce, "Malam, kafin in bi Yesu ina da lokatan salla biyar, ina da wuridina, ba na sakaci. Yanzu ina jin kiran assalatu daga masallatan Tamale, sai in juya in ci gaba da barci. Na sami Mai Ceto, amma addu'ata ta rame." Ban tsauta masa ba, gama na san ba shi kaɗai ba ne. Saboda shi na zaɓi wannan zance.

A shekarar 1348 wata annoba ta mamaye ƙasar Turai, ta kashe wajen kashi ɗaya cikin uku na mutane. A garin Deventer, cikin ƙasar Holan, ta bar wani yaro maraya, sunansa Gerat Grote. Ya girma da dukiya da ilmi, yana jin daɗin duniya, har 1374 sa'anda ya tuba. Ya ba da gidansa ga mata matalauta masu ibada, ya yi ta yawon wa'azi har aka hana shi, annoba kuma ta ɗauke shi a 1384. Almajiransa suka zauna tare, suna cin abinci daga aikin hannunsu, watau kwafan littattafai, gama ba a soma ɗab'i ba tukuna. Kowannensu yana da ɗan littafi na kansa. In ya iske wata aya ta soke shi, sai ya rubuta ta a ciki, ya riƙa komawa gare ta.

Cikin yaran da suka yi karatu a hannunsu akwai Toma, mutumin Kempen. A 1399 ya tafi gidan ibada na Dutsen Agnes, kusa da garin Zwolle, ya zauna can wajen shekara 70 har mutuwarsa a 1471. Ya kwafi Littafi Mai Tsarki duka da alƙalaminsa har sau huɗu. Ku da kuka yi rubutun allo kun san nauyin wannan aiki. Shi ne ya rubuta littafin nan mai suna Koyi da Almasihu, wajen 1420.

To, yaya su ke addu'a? Ba su gaggawa. Sukan kwatanta kansu da saniya. Ku dubi shanun Fulani da maraice: sun yini suna cin ciyawa, amma sai sun kwanta sun yi tuƙa kāna ciyawar ta zama nono. Haka mutanen nan sukan karanta kaɗan, aya biyu ko uku, su maimaita a hankali, su yi bimbini a kanta, sa'an nan su mai da ita roƙo ga Allah, daga baya su yi shiru a gabansa. Wani malaminsu, Ludolf na ƙasar Jamus, wanda ya rasu a 1378, ya koya wa masu karatu su sa kansu cikin labarin Bishara kamar suna wurin. Ɗauki Markus sura 4. Kai ma kana cikin jirgin, ruwa yana shiga, tufafinka sun jiƙe, ga Yesu yana barci a kan matashi. Me za ka ce masa sa'anda ka tashe shi? Abin da ya fito daga bakinka, shi ne addu'arka ta ran nan, ko zancen bashi ne, ko ciwon yaro, ko dangin da suka daina gaishe ka tun ran da aka yi maka baftisma.

Na san wani zai ce, ai waɗannan mutanen ikilisiyar Roma ne. Gaskiya ne. Akwai abin da Toma ya koyar a kan jibin Ubangiji wanda ba mu yarda da shi ba, kuma ni a ganina ya cika son gudun mutane, alhali mu an aike mu kasuwa da gona. Kada kuma wani ya ƙidaya bimbininsa kamar yana tara lada. Ceto kyauta ne. Amma littafinsa ya yi aiki a cikin gidanmu. Yohanna Wesley ya karanta shi a 1725, ya buga shi da Turanci a 1735, mabiyansa kuwa suka sauka Cape Coast a 1835. Yohanna Newton, wanda ya yi fataucin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma, ya karanta shi cikin jirgi a watan Maris 1748, hadiri ya taso musu har jirgin ya kusa nutsewa, sai ya yi kuka ga Allah. Kada mu ɓoye cewa bai bar cinikin bayi ba sai 1754. Tuƙar ta daɗe kafin ta zama nono, amma daga baya ya tsaya yana shaida a kan muguntar cinikin.

Mu muna da Littafi Mai Tsarki duka da Hausa tun 1932, ba wanda ya ce mu kwafe shi da hannu. Ga abin da na faɗa wa ɗan'uwan nan. Kiran da ka ke ji da asuba, tun da ya tashe ka, kada ka yi fushi da maƙwabcinka, tashi ka wanke fuska ka buɗe Littafi. Sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka sa aya ɗaya kowace safiya. Wanda bai iya karatu ba, ɗansa ya karanta masa har ya haddace, ya tafi da ita gona. Uwargida kuma ta iya tuƙa tata tana tuƙa tuwo. Gobe da asuba mu fara da Markus 4, daga aya 35 zuwa 41.