Tayar da Ba Ta Kwanciya: Kafin Ka Cire Ta Daga Motarka

Yau zancen taya za mu yi.

Kwanakin baya na tsaya wurin wani mai faci a bakin titin Sharada a nan Kano don a ƙara mini iska, sai ga wani Alhaji ya faka BMW baƙa wuluk, 'yar Beljiyam, da alama bai daɗe da sayenta ba. Kusa ya taka, fitila ta kama a dashbod. Mai faci ya kwance ƙafar, ya kwantar da ita a ƙasa, shi da yaronsa suka sa ƙarafa biyu suna danna bakin tayar. Suka yi, suka yi, gumi ya jiƙe musu riga, taya ta ce ba ta san zancen ba. Can mai faci ya miƙe ya ce, "Alhaji, a sa safaya kawai ka tafi, wannan sai inji." Alhaji ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗa. Ba safaya. Ba jak, ba sifanar taya, kai ko ramin da ake ajiye safayar ma babu. Nan take ya hau Allah-ya-isa ga dilan da ya sayar masa da motar.

To, dila bai ci haƙƙinsa ba. Haka motar ta fito daga kamfani.

Irin wannan taya ita ake kira ranfilat. Tayar da muka saba da ita iska ce ke ɗauke da nauyin mota. Iska na fita, sai ta kwanta. Ita kuwa wannan an cika gefenta da roba mai kauri da tauri, yadda ko iska ta tsiyaye tas, gefen zai riƙe motar na wani ɗan lokaci. Yawancin kamfanonin taya sun ƙayyade mata tafiyar kilomita 80, da gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba. Da masu ƙera mota suka samu wannan, sai wasunsu suka daina sa safaya gaba ɗaya. BMW ce kan gaba, musamman ƙirar 3 Series daga shekarar 2005 zuwa sama, sai Mini, sai wasu Marsandi. Kuma kada masu Sienna su ce ba da su ake ba: Sienna mai jan ƙafa huɗu, wadda ake rubuta wa AWD a baya, daga ƙirar 2004 zuwa ta 2020 da ranfilat ta fito, babu safaya, domin ƙarfen da ke kai wa ƙafafun baya ƙarfi ya bi ta inda safayar za ta zauna. Ga shi kuwa irinta ake lodin fasinja da ita zuwa Abuja.

Idan kana son sanin ko ita ce a motarka, tsuguna ka karanta gefen tayar. Bridgestone kan rubuta RFT, Michelin ZP, Continental SSR. Wadda aka yi don BMW za ka ga RSC a cikin da'ira, ta Marsandi kuma MOE.

Me ya sa mutanenmu ke gudunta? Tsada na ciki, amma rashin samu ya fi tsadar ciwo. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, tayoyin motocinmu daga waje ake shigo da su, kuma ɗan kasuwa abin da ke tafiya yake ɗaukowa. Za ka iya zagaye Sabon Gari da Ƙofar Ruwa kana neman lambar ranfilat ɗinka sabuwa, ka dawo da ƙura a ƙafa. Sannan ga hanya. An yi tayar nan ne da lafiyayyun tituna a rai. Duk wanda ya bi hanyar Challawa da damina, a bayan tirelolin da ke shiga majemu da sauran kamfanoni, ya san irin ramukan da ruwa ke ɓoyewa. Taya mai laushin gefe takan shanye wani abu daga dukan rami. Mai taurin gefe kuwa miƙa shi take yi ga rim, da shokazoba, da bayan direba. Daga nan sai ka ga ƙulu ya fito a gefen taya, ko rim ya lanƙwashe, ko ya tsage yana satar iska.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali game da ita a ƙasar nan wani ne daban, kuma ina roƙon ku saurara da kyau. Ranfilat ba ta nuna cewa ta sace. Ka zagaya motar da safe, ka ga ƙafa huɗu a tsaye cas, alhali ɗaya babu ko numfashin iska a cikinta. Shi ya sa ba a sa ta sai a motar da ke da na'urar gargaɗin iska, wato fitilar nan ruwan ɗorawa mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. To mu kuma kun san halinmu da fitilar dashbod. Ta kama, bakanike ya ce, "Oga, rabu da ita, haka suke yi." Wani ma tef baƙi yake liƙa mata don kada ta dame shi. Sai mutum ya kwana uku yana yawo a kan tayar da ba iska, gefen yana lanƙwasa yana miƙewa, yana ɗaukar zafi, robar ciki tana dagargajewa, a waje kuwa kamar sabuwa. Ranar da za ta watse, ba sallama. Wannan ne kuma ya sa ba na ba kowa shawarar sayen ranfilat ta hannu. Dama tsohuwar tayar ƙaramar mota tana cikin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, ko da yake kowa ya san kasuwa cike take. Ba ka san ko wani a Turai ya riga ya cinye kilomita 80 ɗin nan kafin a jefo ta kwantena ba. In har ta kama dole, leƙa cikinta, ka shafa da hannu. Ka ga tamoji a bangon ciki, ko garin baƙar roba ya biyo yatsunka, ajiye musu kayansu.

Saboda haka ni dai a ganina, ga mai zirga-zirga tsakanin Panshekara da Sharada da cikin gari, komawa tayar gargajiya ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ya fi. Tana hawa rim ɗin da ke motar ba tare da an canza shi ba. Motar za ta yi laushi, ƙarar hanya ta ragu, kuma kowane mai faci zai iya da ita. Sitiyari kan ɗan rage kaifi a kwana, domin an daidaita ƙafar motar ne da taya mai tauri, amma kwana biyu hannu ya saba.

Sai dai fa lissafin taya huɗu da kake yi, ka mai da shi biyar. Ranfilat aiki biyu take yi, ita ce taya ita ce safaya. Ka sallame ta, ka sallami ma'aikata biyu. Dole ka nemo safaya da rim ɗinta, da jak, da sifana. Kuma ba kowane rim mai huji biyar ne zai shiga ba: tazarar hujin tsofaffin BMW daban, ta Sienna daban, wani rim ɗin kuma zai shiga amma ya riƙa gugar birki. A gwada a gabanka kafin ka biya. BMW ba a sa mata jak ko'ina, akwai wurare huɗu da aka tanada a ƙarƙashin gefenta. Wasu kuma suna da kusoshin sirri da ba sa kwancuwa sai da ɗan makullinsu. Ka tabbata yana cikin mota, ba a aljihun yaron gareji ba. Idan 'yar siririyar safayar nan ka samu, iskarta 60 ce a geji, gudunta kada ya wuce 80. Tunda ba ta da rami, a ɗaure ta tamau a but, kada a taka birki ta zama makami. Mai Sienna kuwa sai ya haƙura da wani ɓangare na wurin kaya. Na san kuɗi ne yake gani yana tafiya, amma jami'an kiyaye haɗurra suna tambayar safaya, kuma da ka cire ranfilat ba ka da sauran hujja.

Akwai masu cewa ɗan famfon lantarki da kwalbar ruwan liƙe huji sun wadatar. Ga kusa ɗaya a tafin taya, i. Ga yankan ƙarfe a gefe, irin wanda ake samu a hanyar 'yan gwangwan, ko ka juye kwalba goma aikin banza ne.

Kada a gauraya. Ranfilat a hagu, ta gargajiya a dama, wannan neman magana ne, domin lanƙwasarsu ba ɗaya ba ce, kuma ranar birkin gaggawa ko ruwan sama motar za ta ja gefe. A canza huɗun a tashi ɗaya, balle a mota mai jan ƙafa huɗu, inda bambancin tsayin taya ke cin giya a hankali. Lamba kuma a bi ta kamfani. Ka ga an rubuta 225/45 R17 91W, to 91 ɗin nan na nufin tayar na ɗaukar kilo 615, harafin kuma iyakar gudunta ne. Kada a sauka ƙasa da su don neman sauƙi. Wasu BMW tayar baya ta fi ta gaba faɗi, a duba duka biyun. A duba shekara: lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT, in ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022.

Wurin cirewa a je inda ake da inji. Motocin da suka zo daga Amurka, tun daga ƙirar 2008, kusan duk suna da na'urar gargaɗin nan, kuma yawanci 'yar na'urar tana manne da bawul a cikin rim. Ƙarfen mai faci ɗaya ya isa ya karya ta. A bar ta tana aiki, don tayar gargajiya ma tana amfana da ita. Bayan an sa sababbi, a yi balansin da alaimen, a sake saita na'urar daga dashbod. Iska kuwa ba 50 ba ce don kawai mai faci ya saba da motocin haya. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda a jikin ginshiƙi, ita za a bi, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi.

Akwai wanda zan ce ya riƙe ranfilat ɗinsa in yana da halin sayen sabuwa: mai tafiyar dare, mai bi ta dajin Falgore, ko Hajiyar da ke tuƙi ita kaɗai da yara. Akwai wuraren da minti ashirin na canjin taya ya fi kuɗin taya huɗu tsada. Sai dai shi ma ya sani, kilomita 80 daga Kano ba ta kai shi Zariya ba, wajen rabin hanya za ta ajiye shi.

Alhajinmu na Sharada kuwa, a ƙarshe a-daidaita-sahu ya tsayar, aka loda ƙafar motar a baya, rim ɗin duk ya sha zanen ƙarfe, ya bar BMW a kan jak ɗin mai faci da bulo biyu. Da tun farko ya san abin da ke ƙarƙashin motarsa, da bai tsaya ba ma. A hankali zai lallaɓa da ita har wurin masu inji.