Tambayar Da Ke Bin Bayan Amsa

Yau da kuskurena zan fara.

A wani wuri da na taɓa yin aiki, an ɗora min nauyin jin ra'ayin ma'aikata. Na haɗa tambayoyi a Google Forms, na tura wa kowa iri ɗaya. Amsoshi suka dawo, da yawa sun ce ba sa jin daɗin aikin. Oga ya dube ni ya ce, "To, me ya sa?" Wallahi na yi tsuru-tsuru. Albashi ne? Shugaba ne? Yawan aiki ne? Oho! Na san akwai ciwo, ban san inda yake ba.

Abin da na rasa shi ne tambayar da ba ta fitowa sai amsar mutum ta kira ta. Bari in ba ku misali. Akwai wata tambaya da Fred Reichheld ya fito da ita a 2003 don masu sayen kaya, daga baya aka riƙa yi wa ma'aikata irinta: daga 0 zuwa 10, yaya za ka ba abokinka shawarar ya zo ya yi aiki a nan? Wanda ya zaɓi 9 ko 10, sai a tambaye shi me ya fi so. Mai 7 ko 8, me ya rage? Wanda ya zaɓi 6 zuwa ƙasa kuwa, wane abu ɗaya za a fara gyarawa? Kun ga kowa ya samu tambayar da ta dace da shi.

A Google Forms, sai ka raba fom ɗin sashe-sashe, ka saita kowace amsa ta kai mutum sashensa. Amma fa sai a tambayar da ake zaɓar amsa ɗaya daga jeri wannan yake aiki. KoboToolbox ma yana yi, har inda babu intanet.

Sai dai ku kula da abu biyu. Na farko, kada mai ƙorafi ya tarar da tambayoyi 10 alhali mai yabo ya gama da ɗaya. Mutane za su gane, kowa ya koma cewa "komai lafiya" don ya huta.

Na biyu, shi ne ya fi muhimmanci: sirri. Idan ka tambayi sashen aiki, ka tambayi jinsi, sannan ka tambayi laifin shugaba, alhali mace ɗaya ce a sashen, ai ka tona mata asiri ko da ba ta rubuta suna ba. Aikinta ne a kan siratsi.

Kafin ka tura, bi kowane reshe da kanka har ƙarshe. In an faɗa maka gaskiya kuma, a ga gyara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.