Alƙaluma Amana Ne: Jawabi Ga Matasan Jam'iyya A Kan Aikin Ƙididdiga

Wannan shi ne jawabin da wani dattijo, tsohon jami'in ƙididdiga wanda ya yi aikin gwamnati har ya huta, ya yi wa reshen matasa na jam'iyya a wani taron ƙara wa juna sani da aka yi a Ikko. An gayyace shi ne domin ya bayyana wa samari da 'yan mata yadda ake shiga aikin nazarin alƙaluma, da kuma darussan da ya samu a cikinsa.

Bayan ya yi sallama, ya kuma gode wa shugabannin reshe, malamin ya ce shi bai shiga wannan aiki da babbar takarda ba. Ya fara ne a matsayin ƙaramin akawu, ana ba shi takardun da ke zuwa daga ƙauyuka yana kwafe su cikin babban littafi, yana tarawa da fensir. Daga baya ne ya samu horo, ya hau mataki-mataki. Saboda haka, in ji shi, kada wani yaro ya raina aikin shigar da lambobi, domin a nan ne ake sanin inda kuskure yake ɓuya.

Darasi na farko da ya kawo shi ne a san asalin kowace lamba kafin a yi aiki da ita. Ya ba da labarin wata shekara da aka sa shi ya tsara rabon littattafai ga makarantun firamare na wani yanki. Ya ɗauki yawan ɗaliban da aka aiko masa a rubuce, ya yi lissafi daidai, ya miƙa. Da ya je rangadi bayan watanni, sai ya tarar da littattafai jibge a wata makaranta ba masu karanta su, a wata kuwa yara biyar suna leƙen littafi ɗaya. Ashe wasu shugabannin makarantu sun ƙara sunaye, wasu kuma sun faɗi gaskiya, sai masu gaskiyar suka tashi da asara. Ya ce lissafinsa ba shi da aibu, amma shi ya cuci yaran nan, domin bai tambayi wanda ya ƙirga ba, da yadda aka ƙirga. Tun daga ranar ya riƙe cewa gani ya kori ji.

Darasi na biyu shi ne a fahimci ma'anar abin da ake aunawa. Ya kawo misali da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari, sa'an nan ta ce a farkon 2023 kashi 4.1 ne. Ya ce wanda bai san dawan garin ba zai ɗauka an samar wa miliyoyin mutane aiki ne, alhali ma'auni aka sake. A sabon tsarin, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin neman kuɗi ko da na awa ɗaya a mako ana lissafa shi cikin masu aiki. Haka kuma a watan Afrilu na 2014, sa'ad da hukumar ta sake shekarar da take auna tattalin arziki da ita daga 1990 zuwa 2010, ta kuma shigar da harkokin wayar hannu da na fina-finai yadda ya kamata, arzikin Nijeriya na shekarar 2013 ya tashi daga wajen dala miliyan dubu 270 zuwa wajen dala miliyan dubu 510, har ta wuce Afirka ta Kudu a wancan lokaci. Amma, in ji shi, babu talakan da ya wayi gari ya ga an ƙara masa ko kwabo a aljihu.

A nan ne ya ja kunnen matasa game da matsakaicin lissafi. Ya ce idan mutum tara kowannensu yana samun naira 10,000, na goma kuwa yana samun naira 910,000, to matsakaicin abin da suke samu naira 100,000 ne. Lissafin gaskiya ne, amma mutum tara daga cikin goma za su rantse ba su taɓa ganin wannan kuɗi ba. Aikin mai nazari ne ya faɗa wa shugabanni wannan.

Darasi na uku shi ne amfanin aikin ga rayuwar jama'a. Ya tuna wa masu sauraro yadda a 1854 wani likita mai suna John Snow ya zana gidajen da cutar kwalara ta yi kisa a wata unguwa ta birnin Landan a kan taswira, ya ga sun kewaye famfo ɗaya, aka cire hannun famfon. Ya ce an ga irin wannan a gida, lokacin yaƙi da cutar shan inna, da aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka gano ƙauyuka da rugage a jihohin Arewa waɗanda ba sa cikin taswirar masu riga-kafi. An ga mai ɗauke da ainihin ƙwayar cutar na ƙarshe a Jihar Barno a 2016, kuma a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da wannan nau'i daga Afirka. Yaron da ba a ƙirga ba, in ji shi, ba a kai masa magani.

Da ya zo kan darasi na huɗu, malamin ya ce zai faɗi magana mai ɗaci ko da yake a gidan siyasa yake. Ya ce tarihin ƙidayar jama'a a ƙasar nan ya isa wa'azi. An soke ta 1962 saboda gardama, aka sake a 1963 aka samu mutum miliyan 55.6. Ta 1973 ta ba da miliyan 79.8, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da miliyan 88.9, ta 2006 kuwa miliyan 140.4, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Dalilin rigimar, in ji shi, ba ɓoyayye ba ne: da yawan jama'a ake raba kujerun majalisa, yana kuma cikin abin da ake dubawa wajen rabon kuɗin tarayya.

Ya ce shi kansa an taɓa kiransa ofishin wani babba aka ce ya gyara wani jadawali domin a nuna aiki ya ci gaba. Ya ƙi, aka ɗauke shi daga kujerarsa aka tura shi wani lungu, ƙarin girmansa ya makara. Ya ce bai ji daɗi ba, iyalinsa ma sun sha wuya, amma da masu bincike suka zo daga baya ba a samu sa hannunsa a kan takardar ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya gargaɗi matasa cewa ranar irin wannan za ta zo wa kowannensu, gara mutum ya yanke shawararsa tun kafin a kira shi.

Game da hanyar shiga aikin, ya ce tushensa lissafi ne, saboda haka kada ɗalibi ya guje masa a sakandare. Akwai sashen ƙididdiga a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Badun, akwai kuma Makarantar Ƙididdiga ta Tarayya a Badun. Wanda bai samu wannan ba, ya fara da Excel a kwamfuta har hannunsa ya faɗa, sa'an nan ya koyi SQL domin zaro bayanai daga rumbu, ya ɗora da Python ko R. Ya ba su shawara su yi gwaji da abin da ke gabansu, kamar su riƙa rubuta farashin mudun gero da na shinkafa a kasuwar unguwa kowane mako har shekara, domin mai ɗaukar ma'aikata ya fi son ya ga aikin hannu. Bugu da ƙari, su koyi bayani cikin harshe mai sauƙi, su kuma kiyaye sirrin mutane, musamman da yake an kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023.

Daga ƙarshe ya yi kira ga shugabannin jam'iyya da su tura 'ya'yan talakawa, maza da mata, wannan fanni, su kuma jure jin alƙaluman da ba su yi musu daɗi ba. Ya ce jam'iyyar da ta yi alkawarin ruwa da asibiti da makaranta ba za ta iya cikawa ba sai ta san yawan masu buƙata da inda suke zaune.

Shugaban taro ya gode masa a madadin reshe, aka rufe da addu'a.