Idan Faifan Ajiya Ya Ƙi Buɗewa



Da yawa daga cikinmu mun tara makin ɗalibai, tambayoyin jarrabawa da takardun ƙarin girma a faifan ajiya guda ɗaya da muke jonawa a kwamfuta. Ranar da ya ƙi buɗewa, sau da yawa gaggawarmu ce take ƙarasa ɓarnar.

Kowane faifai yana da tsarin da ke riƙe lissafin inda kowane fayil yake, tamkar rajistar aji. Sanannun su ne NTFS, exFAT da FAT32. Idan aka zare kebul, ko kwamfuta ta mutu ana tsakiyar kwafi, rajistar ce ke lalacewa, galibi fayilolin suna nan. A lokacin ne Windows kan nuna faifan a matsayin RAW, ta nemi a yi masa fomat. Kada ku yarda.

Ku fara da kunne. In faifan yana ƙas-ƙas ba ƙaƙƙautawa, injin ciki ne ya samu matsala. Ku zare shi nan take ku kai wa ƙwararre, domin duk jonawa tana iya ƙara illa. In babu wannan ƙara, ku sauya kebul, ku gwada wata kafar USB da wata kwamfutar.

In yana buɗewa amma yana kawo saƙon kuskure, ku kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri tukuna. Bayan nan ku buɗe Command Prompt da izinin mai kula da kwamfutar, ku rubuta chkdsk E: /f, ku sa harafin faifanku a gurbin E. Kwafin ya zo gaba, saboda wannan umarni yakan datse fayil mai lahani wajen daidaita rajistar.

Chkdsk ba ya aiki a faifan RAW. Nan sai TestDisk ko PhotoRec, manhajoji biyu na kyauta. PhotoRec yana ceto fayiloli, sai dai ba da sunayensu na asali ba. Duk abin da aka ceto a ajiye shi a wani faifan dabam.

Daga yau, kada mu zare faifai sai mun latsa Eject, kuma sakamakon kowane zango ya zauna a wuri biyu aƙalla, ɗaya a wajen makaranta. Makin yaro amana ce a hannunmu. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.