Robert Enke: Golan da Ya Ɓoye Ciwonsa

 

Ranar Asabar da ta wuce na shiga Bilak gyaran waya, sai na tarar musu ya kaure a rumfar: wane ne golan Jamus da ya fi kowa, Oliver Kahn ko Manuel Neuer? Kowa na ta ihu. Wani dattijo mai sayar da takalman gwanjo yana gefe yana shan shayinsa, sai da aka lafa ya ce, "Samari, tsakanin waɗannan biyun akwai wani da ba ku sani ba. Ku je ku tambayi labarin Enke." Ni kaina ina yaro lokacin da abin ya faru, don haka na koma na bincika. Abin da na samo shi na kawo muku yau, kuma ina roƙonku ku bi ni har ƙarshe, don maganar ta wuce ƙwallo.

An haifi Robert Enke ranar 24 ga Agusta 1977 a garin Jena, a tsohuwar Jamus ta Gabas. A ƙungiyar garinsu, Carl Zeiss Jena, ya taso, ya fara tsaron raga da manya a 1995 yana ɗan shekara 18. A 1996 ya koma Borussia Mönchengladbach. Ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 1999, amma shi an ga hannunsa, sai Benfica ta Fotigal ta ɗauke shi, lokacin Jupp Heynckes ne kocinta. Shekara uku ya yi a can, har aka ba shi kyaftin, ga shi baƙo, ga shi yaro.

A 2002 Barcelona ta kira shi, zamanin Louis van Gaal. To wa zai ƙi Barcelona? Amma a nan ƙafa ta zame. Ranar 11 ga Satumba 2002 aka sa shi a raga a wasan Kofin Sarkin Sifaniya da wata ƙaramar ƙungiya ta rukuni na uku, Novelda. Aka ci Barcelona 3 da 2, aka fitar da ita. Abokin wasansa Frank de Boer ya fito gaban 'yan jarida ya ɗora masa laifi. Daga ranar yawanci zaman benci ne. A gasar La Liga sau ɗaya tak ya shiga fili, shi ma canji aka yi da shi.

A 2003 aka ba da aronsa ga Fenerbahçe ta Turkiyya. Wasa ɗaya ya buga, İstanbulspor ta ci su 3 da nema, magoya bayan ƙungiyarsa da kansu suka riƙa jifansa da kwalabe. Cikin 'yan kwanaki ya tattara kayansa ya bar ƙasar. Mutane suka ce rago ne, bai iya ɗaukar matsi ba. Abin da ba su sani ba, a wannan shekarar ce ya fara ganin likita saboda ciwon damuwa mai tsanani.

Ya samu sauƙi, jama'a, wannan ku riƙe shi da kyau. Ya sha magani, ya warware, ya tafi Tenerife a rukuni na biyu na Sifaniya a farkon 2004, daga nan ya dawo gida Hannover 96. A Hannover ya zama gwarzo, ya zama kyaftin. Ko a 2006 da Allah ya karɓi ran 'yarsa mai shekara biyu, wadda aka haifa da ciwon zuciya, ya ci gaba da tsaron ragarsa. A 2007 ya fara buga wa ƙasarsa, ya yi mata wasa takwas, yana cikin tawagar da ta je wasan ƙarshe na Kofin Turai na 2008. Bayan Jens Lehmann ya ajiye, Enke na cikin waɗanda ake sa ran za su tsare wa Jamus raga a Kofin Duniya na 2010 a Afirka ta Kudu.

Sai ciwon ya dawo a 2009. Ya yi makonni bai buga ba, aka gaya wa duniya ciwon ciki ne. Ranar 8 ga Nuwamba ya tsare raga a wasan da suka tashi 2 da 2 da Hamburg. Bayan kwana biyu, ranar 10 ga Nuwamba 2009, ya kashe kansa, yana da shekara 32. Washegari matarsa Teresa ta zauna gaban 'yan jarida ta faɗi abin da suka yi shekaru suna ɓoyewa. Ta ce tsoronsa shi ne in aka sani zai rasa ƙwallo, kuma a ƙwace musu jaririyar da suka ɗauko riƙo a wannan shekarar. Kusan mutum dubu 40 suka taru a filin Hannover don yi masa bankwana.

Kun san da wa Jamus ta fara wasa bayan rasuwarsa? Da Giwayen Kodebuwa. Ranar 18 ga Nuwamba 2009 a Gelsenkirchen, aka ajiye rigarsa a kan benci, aka tashi 2 da 2. Podolski ya ci wa Jamus biyu, Emmanuel Eboué da Seydou Doumbia suka ci wa Giwaye. Ƙwallon Eboué ma kuskuren wani matashin gola ne, ya buga ta daki Eboué ta faɗa raga. Sunan wannan matashi Manuel Neuer, wanda ake musu a kansa a Bilak.

Aikin gola ba irin na sauran ba ne. Ɗan gaba zai zubar da biyar, ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola zai tare goma, ɗaya ta wuce, ita kaɗai za a tuna. 'Yan Abijan kun fi kowa sanin wannan. Shekara nawa ana zagin Copa Barry kafin daren 8 ga Fabrairu 2015 a Bata, da ya tare fenareti, ya kuma ci na ƙarshe, aka doke Gana 9 da 8?

To ɗan'uwa, kai da ka baro gida ka zo bida, ai kai ma gola ne. Bayanka babu kowa sai raga: tsohuwa, mata, yara, ƙanne, kuɗin hatsi, kuɗin magani, ragon layya. Wata goma sha ɗaya kana turawa, wata ɗaya ka kasa, sai waya ta fara ƙara. Kaya sun kwanta, mai rumfa na jiran haya, ubangida na jiran lissafi, ga kunyar komawa gida hannu rabbana. In an tambaye ka ya kasuwa, sai ka ce alhamdulillahi, ka yi dariya. An ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma namiji ba ya kuka. Haka Enke ya yi. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma 'yan wasan da suke atisaye da shi kullum, yawancinsu ba su ga komai a fuskarsa ba.

Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini ko ciwon suga. Ba ragwanci ba ne, ba ƙarancin imani ba ne, kuma ba shi ne hauka ba. Likitoci sun ce in mutum ya kai mako biyu zuciyarsa a ƙuntace, abin da yake so a da ya fita ransa, barci ya ƙaurace masa ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, yana ganin kansa ba shi da amfani, to lokacin ganin likita ya yi. In kuwa har ya fara tunanin gara ya mutu, ba a jira gobe, kuma ba a barinsa shi kaɗai. Tramol ba ta maganinsa, ƙara rura shi take yi. A yi addu'a, a kuma nemi magani, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Wurin zuwa akwai. Nan Adjamé, cibiyar lafiya ta INSP tana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Bingerville. A Yamai akwai sashen a babban asibitin ƙasa. A Najeriya akwai na Dawanau a Kano, na Kware a Sakkwato, da na Barnawa a Kaduna. A Jamus, bayan rasuwar Enke, an kafa gidauniya da sunansa a 2010, matarsa ce ke shugabantarta, aikinsu shi ne wayar da kai don kada wani ɗan wasa ya sake ɓoyewa saboda tsoron a kore shi.

Mu ba mu da gidauniya, amma muna da sarakunan Hausawa, da limamai, da shugabannin 'yan kasuwa, da abokan kwana. Ina roƙon iyayenmu su buɗe wannan magana a majalisa. Kai kuma, in ka lura maƙwabcin teburinka ya yi shiru, ya daina zuwa shan shayi, ya daina musun ƙwallo, kada ka tsaya a "ya kasuwa". Ja shi gefe ka ce, "Wane, gaya mini gaskiya, me ke damunka?" Ka saurare shi, kada ka yi masa dariya, kada ka kai maganarsa rumfa. In ta kama, ka rufe teburinka, ku hau baka tare, ka raka shi asibiti. Cinikin wuni ɗaya ne za ka rasa.

Baba mai takalma, na gode da ka tura ni bincike. Wanda ke da abin cewa ya aiko mana, ba za mu ambaci sunansa ba in bai so. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa albarka a kasuwa.