Sarƙar Cikin Inji Da Abin Da Ke Ɗame Ta

Yau zancenmu a kan babur ne. Da yawanku da shi kuke kai hatsi kasuwar Shinkafi ran Alhamis, da shi kuke kai mara lafiya asibiti a Ƙauran Namoda.

Kowa ya san sarƙar waje, wadda ke juya ƙafar baya. To, akwai wata sarƙa kuma a cikin inji, ba a ganinta. A baburan Ingila na dā, irin su BSA, akwai sarƙar da ke ɗaukar ƙarfin inji ta kai wa kuloci. Boxer ɗin da muke hawa yau ba shi da wannan. Tasa sarƙar ta ciki ƙarama ce, ita ke sa bawul ya buɗe ya rufe a kan lokaci.

Sarƙa tana saki in ta tsufa. Saboda haka aka sa mata wani ɗan ƙarfe mai sifirin, yana tura ta kullum don ta zauna a ɗame. Makanikai suna ce masa tenshina. In ya mutu, za ka ji inji yana kacau-kacau, musamman da safe. Kada ka ce ƙara ce kawai. Sarƙar tana iya tsallake haƙori, fistan ya doki bawul, inji ya tsaya cik.

Ni kaina ya same ni. Na sayi mai araha a wurin wani mai kayan gyara, na yi murna. Bai yi wata biyu ba, babur ya mutu mini a hanyar Zurmi, ga magariba ta yi. Kun dai san hanyar nan ba wurin tsayawa ba ce da duhu. Kuɗin gyaran kuwa ya ninka abin da na yi tsimi sau da yawa.

To, in za ka saya, tafi da tsohon a aljihu. Ka aza su gefe da gefe. Tsawonsu ya zo ɗaya, ramukan noti su yi daidai. Ka danna kansa da babban yatsa. Mai kyau ba ya komawa ciki. Wanda ya koma kamar ba kome, ajiye shi. A sa makaniki ya duba robar da sarƙar ke bi a kai, don sabon tenshina ba ya gyara robar da ta cinye.

Ga inda karatunmu zai yi amfani. A jikin kwalin an rubuta sunan babur ɗin da aka yi wa shi. Karanta da kanka, harafi harafi, kada ka bari a karanta maka. Wanda babur ɗinsa irin Honda CG125 ne, shi kam ya huta, injinsa ba sarƙa a ciki, sanduna ne ke tura bawul.

Mako mai zuwa, wanda ke da tsohon kwali ya zo da shi aji, mu karanta tare.