Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Jiragen Yaƙi da Gaskiyar Na'urar Kwaikwayon Tuƙi

 

An nemi in yi magana a kan jiragen yaƙi masu injin jet, da na'urorin da ake koyon tuƙa su ba tare da an bar ƙasa ba. Duk mai sayar da irin waɗannan na'urori, ko ga rundunar soja ko ga saurayi mai kwamfuta a ɗakinsa, maganarsa ɗaya ce: tawa ta fi kama da gaskiya. Tambayar da zan riƙe daga farkon laccar nan har ƙarshenta ita ce, wace gaskiya ake nufi, kuma da me ake auna ta?

Mu fara da tushe. A shekarar 1929 wani matashi Ba'amurke mai suna Edwin Link, a garin Binghamton na jihar Niyok, ya haɗa wani akwati mai guntayen fukafukai. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa irin su fiyano da ogan, don haka ya ɗauko zugazugi da fanfon iska daga can ya ɗora akwatin a kansu. A samfuran da suka biyo baya, ɗalibi ya shiga, a ja murfi a rufe shi, ya zauna babu abin da yake gani sai agogunan jirgi. Ya karkata sandar tuƙi hagu, zugazugi ya karkatar da akwatin hagu. Malami yana zaune a tebur a gefe, wata 'yar na'ura mai tayoyi tana rarrafe a kan taswira tana zana hanyar da ɗalibin ya bi da tawada. Idan an buɗe murfi, ga kuskurensa nan a rubuce, babu musu.

Da farko masu wuraren wasa ne suka fi sayensa. Sai a 1934 aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa suka yi ta faɗuwa suna mutuwa cikin duhu da hazo, domin sun saba tuƙi da kallon ƙasa. A shekarar rundunar ta sayi akwatuna shida. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000, an horar da matuƙa fiye da 500,000 a cikinsu.

Akwatin Link ba shi da hoton sama ko na ƙasa. Amma ya koyar da gaskiya ɗaya wadda har gobe take ceton rai: a cikin gajimare jikin mutum yana yi masa ƙarya. Abin da ke cikin kunne mai gaya mana muna tsaye ko a karkace yana ruɗewa, matuƙi ya rantse jirginsa a miƙe yake alhali yana gangarawa ƙasa. Wanda ya fito daga akwatin ya koyi gaskata agogo ya ƙaryata jikinsa. Wannan shi ne ma'aunin da zan yi amfani da shi: ana auna na'urar kwaikwayo da ɗabi'ar da ta bari a hannu da kan matuƙi.

Zuwan injin jet ya tsananta buƙatar. Jirgin jet na farko, Heinkel He 178, ya tashi a Jamus ranar 27 ga Agusta 1939. A 1944 Me 262 ya shiga yaƙi, kuma a yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 jet ya fuskanci jet, MiG-15 da F-86. Ku yi wannan lissafi tare da ni. Jirage biyu suna tunkarar juna, kowanne yana gudun kilomita 900 a awa. Tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 500 a kowace daƙiƙa. Matuƙin da ya hango ɗigo a nisan kilomita biyar yana da daƙiƙa goma ya san ko wane ne, ya yanke shawara, ya aikata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da hannu bai saba ba tun a ƙasa, ba zai zo masa a cikin daƙiƙa goma ba. Yau ma jirage irin F-22 da F-35 ba su da samfuri mai kujera biyu, saboda haka ranar da ɗalibi ya fara tashi da su shi kaɗai ne a ciki, malaminsa yana wani jirgin ko a ƙasa. Duk abin da ya sani game da jirgin, daga littafi da na'urar kwaikwayo ya samo shi.

Na kasa gaskiyar da ake nema kashi uku: gaskiyar jirgi, gaskiyar jiki, da gaskiyar fagen fama.

Gaskiyar jirgi ita ce lissafi. Kwamfuta tana auna nauyin jirgi, ƙarfin inji, yadda iska ke bin fukafukai, man da ya rage, sau da yawa a kowace daƙiƙa, ta fitar da abin da jirgin zai yi. A nan an yi nisa ƙwarai, har abin ya shigo gidaje. A 1998 kamfanin MicroProse ya fitar da Falcon 4.0, kwaikwayon jirgin F-16, tare da littafin bayani mai ɗaruruwan shafuka. Kamfanin Eagle Dynamics, wanda aka kafa a Mosko, ya fitar da kwaikwayon jirgin A-10C a cikin jerin manhajojinsa na DCS, kuma asalinsa manhajar horo ce da ya yi wa dakarun saman Amurka. A cikinsa ba ka danna maɓalli ɗaya ka tashi. Sai ka kunna batir, ka tayar da ƙaramin inji, ka tayar da manyan injuna ɗaya bayan ɗaya kana duban agogon zafi, ka jira na'urar sanin hanya ta daidaita. Ka tsallake mataki, jirgi ya ƙi ka.

Duk da haka akwai iyaka biyu. Ta farko sirri ce. Ainihin nisan da rada ke gani, da yadda ake toshe ta, da yadda makami mai linzami ke bambanta jirgi da tartsatsin yaudara, duk a kulle suke a hannun gwamnatoci. Abin da ke kwamfutar gida a wannan fanni kintace ne mai kyau. Iyaka ta biyu ta fi haɗari: lissafin da ya kauce kaɗan yana dasa muguwar ɗabi'a. A Nuwamban 2001 wani jirgin fasinja ƙirar Airbus A300 ya faɗi a Niyok jim kaɗan bayan tashi, mutum 265 suka rasu. Mataimakin matuƙi ya yi ta taka fedar wutsiya hagu da dama da ƙarfi har wutsiyar ta karye. Masu bincike sun lissafa horon da ya samu a na'urar kwaikwayo cikin dalilai, domin an tsara atisayen ta yadda jirgi ba ya amsawa da wuri, sai ya saba da matsa masa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kyan hoto kuwa shi ne mafi sauƙin ruɗar mutane. A Fabrairun 2022 wani bidiyo ya karaɗe duniya, wai jirgin MiG-29 na Yukren ne yake kakkaɓo na Rasha a saman Kiyef. Daga baya aka tabbatar an haɗa shi ne da DCS. Hoton ya isa ya yaudari ido, amma bai ɗauke da ko ƙwayar gaskiya ba.

Gaskiyar jiki ita ce wadda na'urar da ke zaune a ƙasa ta kasa kaiwa gare ta. Idan jirgin yaƙi ya yi juyi mai tsanani, nauyin matuƙi yana ninkuwa, abin da suke kira G. Jirgin F-16, wanda ya fara tashi a 1974, an yi shi ya jure G tara. Mutum mai kilo 70 zai ji kansa kamar kilo 630. Hannu ya ƙi ɗaguwa, kumatu su zazzago, jini ya bar kai ya taru a ƙafafu. Launi ya fara gushewa daga ido, gani ya tsuke kamar mai leƙe ta cikin bututu, sai duhu, sai suma. Shi ya sa aka kwantar da kujerar F-16 baya da digiri 30, aka sa wa matuƙi wando mai hura iska yana matse cinyoyi da ciki, aka koya masa ɗaure tsokoki da fizgar numfashi a gajarce. Ana koyon wannan a wata babbar majaujawa da ke juya mutum a ƙarshen dogon hannu na ƙarfe. A 2016, a sararin Arizona, wani ɗalibin matuƙin F-16 ya suma yana tsakiyar juyi, jirgi ya nufi ƙasa, malaminsa yana kiransa a rediyo babu amsa. Na'urar kauce wa ƙasa mai sarrafa kanta ce ta ɗago jirgin.

Wanda ke gaban allon kwamfuta zai iya juyi da G tara yana waige hankali kwance. Ba ya gumi, wuyansa ba ya ciwo, kuma ya san idan an harbo shi zai sake farawa. Ku riƙe wannan idan kun ji labarin gasar da hukumar DARPA ta Amurka ta shirya a Agustan 2020, inda ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin Heron Systems ta doke ƙwararren matuƙin F-16 sau biyar ba ko ɗaya. Nasara ce ta gaske a fannin lissafi. Amma an yi ta a duniyar da manhajar ke da cikakken labarin inda abokin karawarta yake, tana kai harin gaba da gaba wanda dokar horo ta hana ɗan Adam saboda gudun karo.

Gaskiya ta uku, ta fagen fama, ita ce ta fi damuna. A yaƙin Biyetnam Amurka ta shiga da F-4, jirgi mai tsada wanda samfurinsa na farko ba shi da bindiga a jiki, domin an ɗauka makami mai linzami zai gama komai daga nesa. Sai ga doka tana cewa a ga jirgi da ido kafin a harba, ga makaman suna yawan kuskure, ga ƙananan MiG-17 da MiG-21 suna shigowa kusa. Sojojin ruwa suka yi bincike, suka buɗe makarantar Topgun a Miramar a 1969. Sojojin sama suka fara atisayen Red Flag a sansanin Nellis na jihar Nebada a 1975, bisa lura da cewa matuƙin da ya tsallake fitarsa goma ta farko ya fi samun damar rayuwa. Sai aka ce a ba shi goman nan a gida, da abokan gaba masu tuƙi irin na maƙiyi, da ruɗani, da rediyo mai hayaniya.

Ruɗanin nan shi ne zuciyar yaƙi. Ranar 14 ga Afrilu 1994 jiragen F-15 biyu na Amurka suka harbo helikwafta biyu a arewacin Iraƙi, suna zaton na Iraƙi ne. Black Hawk ne na sojojin Amurka, mutum 26 suka mutu. Jiragen lafiya lau suke, makaman sun yi aiki daidai, matuƙan ƙwararru ne. Abin da ya gaza shi ne ganewa. Na'urar da a cikinta duk ɗigon da ya fito a rada maƙiyi ne, tana horar da yatsa mai sauri da ido marar tambaya.

A nan maganar ta iso gida. Rundunar sojin saman Najeriya, wadda aka kafa a 1964, tana aiki da Alpha Jet tun shekarun 1980, kuma a 2021 ta karɓi JF-17 guda uku da A-29 Super Tucano goma sha biyu. Yaƙin da ke gabanta ba na jirgi da jirgi ba ne. Na neman mutane ne a cikin daji da ƙauyuka, inda ɗan bindiga da manomi ke hawa babur iri ɗaya. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Rann, ƙaramar hukumar Kala-Balge ta jihar Borno. Mutane da dama suka rasu, har da ma'aikatan agaji na Red Cross. Bayanin da hukumomin tsaro suka bayar daga baya shi ne ba a yi wa wurin alamar da ta dace a taswirar aiki ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Taswirorin da aka fi sani a manhajojin kwaikwayo na Nebada ne, da Kaukasus, da Tekun Fasha, da Siriya. Wa zai zuba wa na'ura hazon hunturu da ke shafe ƙasa da sama su zama abu ɗaya? Wa zai nuna mata yadda kasuwar mako take daga sama, da ayarin makiyaya, da taron Mauludi, da jama'ar da suka fito jana'iza? Wa zai rubuta atisayen da a cikinsa cin jarrabawa shi ne matuƙi ya duba, ya yi shakka, ya koma sansani da bam ɗinsa? Injiniyan da bai taɓa ganin ruga ba ba zai iya ba, ko da ya so.

Don haka kirana ga ɗalibanmu na injiniya, da kwamfuta, da labarin ƙasa, shi ne su ɗauki wannan fanni da muhimmanci. Muna da kwalejin koyon tuƙin jiragen sama a Zariya tun 1964, muna da makarantun horar da matuƙan soja a Kaduna da Kano. Wanda ke da manhajar kwaikwayo a kwamfutarsa ya karanta littafinta, ya koyi lissafin da ke ƙarƙashinta, ya kuma san inda ta tsaya. Ga masu sayo wa ƙasa waɗannan na'urori kuma, kada kyan allo ya ɗauke musu hankali. Su tambayi mai sayarwa abu ɗaya: wace ɗabi'a wannan na'ura za ta bari a hannun yaron da za mu ba jirgi da bam?

Kama da wane ba wane ba ne. Na'urar kwaikwayo ba za ta taɓa zama sama ba, amma za ta iya sa matuƙi ya dawo gida da rai, ta kuma sa mutanen da ke ƙarƙashin fukafukansa su kwana lafiya. Wadda ta yi waɗannan biyun ita ce mai gaskiya.